Yadda Mutum Ya Koyi Mallakar Zafin Ɗakinsa

Duk wanda ya zauna a kudancin ƙasar Kano, watau wajen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada har zuwa Doguwa, ya san kowace shekara tana kawo mana baƙi biyu masu wuyar sauka. Na fari shi ne ɗari, wanda ya ke zuwa da iskar hunturu cikin Disamba da Janairu, ya fasa leɓe da diddige, ya hana tsofaffi barci. Na biyu shi ne zafin bazara, cikin Maris da Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ya kan kai digiri 40 da rana tsaka. Domin mai karatu ya gane wannan awo, sai ya tuna ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a digiri 100, jikin mutum mai lafiya kuwa yana kan digiri 37.

Ɗarin ƙasar nan ya taɓa ba baƙi mamaki. Cikin Disamba 1823 wani Bature, Kyaftin Clapperton, yana tafe daga Kukawa zuwa Kano, ya rubuta cewa wata safiya sun tashi sun tarar ruwan salkunansu ya daskare. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu kusa da Katagum cikin Janairu 1824. Mutanen Doguwa ba su bukatar a ba su irin wannan labari, gama ƙasarsu tudu ce mai duwatsu, ga kuma dajin Falgore kusa, iska kuwa tana ƙara sanyi gwargwadon yadda mutum ya hau bisa.

To, abin da za mu bincika a nan shi ne dabarun da 'yan Adam suka yi don su sami ɗaki madaidaici tsakanin waɗannan baƙi biyu. Za mu fara da na kakanninmu, sa'an nan mu haura zuwa ƙasashen Turai da Amurka, inda aka ƙago wata 'yar na'ura da a ke kira tamostat, mu ga yadda ta girma har yau ta kai ga a yi mata magana ta wayar hannu. A ƙarshe mu dawo gida mu auna amfaninta gare mu.

HIKIMAR MAGINA

Dabara ta fari ita ce bango. Magini ya kan haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta ruɓa kwanaki, kāna a murza tubali a shanya. In an zo gini sai a jera tubalin a tsaye, a yi ta liƙewa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindin bango ya yi kauri ƙwarai, yana raguwa zuwa sama. Wannan kauri yana da aiki biyu. Yana ɗaukar nauyin rufi, yana kuma tare zafi, domin ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Rana ta kan wuni tana dukan bango daga waje, amma sai bayan sa'o'i masu yawa zafin ya ke ratsawa ya iso ciki. Saboda haka da azahar cikin soro da sanyi, da dare kuwa, sa'ad da waje ya huce, bangon ya shiga fitar da ɗumin da ya tara. Cikin hunturu wannan babbar rahama ce. Cikin bazara kuwa shi ya sa mutane su kan fitar da tabarmi su kwana a tsakar gida.

Dabara ta biyu ita ce rufi. A birane da manyan garuruwa a kan jera azara, watau tsagin itacen giginya wanda gara ba ta iya ci, a shimfiɗa zana ko asabari a kai, a zuba ƙasa, a shafe da laso ko makuba don kada ruwa ya shiga, a kafa indararo. Inda a ke son babban ɗaki sai a yi bakan gizo, rufi ya yi nisa da kan mutane, iska mai zafi ta taru can bisa ta fita ta 'yan tagogin da a ke bari kusa da rufi. Wanda ya ke son ganin iyakar wannan fasaha sai ya shiga Gidan Makama a Kano, ko tsohon masallacin Jumma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. A ƙauyuka kuwa, musamman can kudu wajen Tudun Wada da Doguwa inda ruwan sama ya fi yawa, jinka aka fi yi. Ciyawa tana riƙe iska a tsakaninta, iskar da ta tsaya cik kuwa ba ta wuce da zafi, shi ya sa ɗakin jinka ya ke da daɗin zama da rana.

Har wa yau akwai tsarin gida kansa. Zaure yana da ƙofa biyu, iska tana ratsawa. A kan bar itacen inuwa a tsakar gida ko a ƙofar gida, a kafa rumfa. Randa kuma a kan girke ta a inuwa bisa jiƙaƙƙen yashi. Jikinta yana tsatsafo da ruwa kaɗan kaɗan, iska tana busar da shi, bushewar nan kuwa tana janye zafi daga ruwan da ke ciki, kamar yadda gumi ya ke sanyaya jikin mutum. Bisa wannan hikima ne Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don ajiye kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex cikin 2000.

WUTA DA MAI TSARONTA

Bango da rufi suna rage zafi da sanyi, amma ba su iya ƙara kome don kansu. In ɗari ya tsananta sai a koma ga luru da gwado, a zuba garwashi a kasko a shigar ɗaki, ko a hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, wanda a ke gina shi da rami a ciki saboda haka. In zafi ya yi yawa sai a ɗage asabari, a yayyafa ruwa a ƙasa, a ɗauki mafici.

Ku lura da kyau, cikin wannan aiki akwai abu uku. Akwai jin zafi ko sanyi, akwai yanke shawara ko ya isa ko bai isa ba, akwai kuma miƙa hannu a ƙara itace ko a janye. Duka ukun mutum ne ke yinsu, yawanci ma uwargida. Haka kuma masu sana'a. Mutanen Riruwai sun daɗe suna narka kuza tun kafin zuwan Turawa, ba su da ma'auni sai launin wuta da gwanintar da suka gada. Maƙeri da mai gasa tukwane da mai gashin gurasa duk haka su ke.

Amma fatar mutum ba ma'auni ba ce mai gaskiya kullum, mutum kuma ya kan yi barci. Daga nan ne hatsari ya ke shigowa. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta kan kashe mutane suna cikin barci, irinta ce kuma hayaƙin janareta ya ke fitarwa. Tartsatsi ɗaya cikin hunturu ya isa ya cinye unguwar jinka. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kuma, cikin shekarun 1970, sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da zafin da ya wuce kima na ruwan wanka da gadon wuta, tare da yawan kanwa a kunu. Ɗumi magani ne, amma kowane magani yana da gwargwado, kuma rashin abin auna gwargwadon nan shi ne babban giɓin dabarun da.

ZUWAN KWANO

Bebeji tsohon gari ne a kan hanyar fatake tsakanin Zariya da Kano. Clapperton ya bi ta nan a tafiyarsa ta biyu cikin 1826, a nan ne kuma aka haifi Alhassan Ɗantata cikin 1877. A zamanin ayari ba wanda zai ɗora wa jaki kayan rufin ɗaki daga bakin teku. Amma cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, ta ratsa ta Dangora, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shiga hannun manoma da 'yan kasuwa. Jirgin da ya tafi da gyaɗa shi ya komo da kwanon rufi da siminti. Da fari sai kantuna da gidajen gwamnati da na attajirai. Bayan an sami kuɗin man fetur cikin shekarun 1970, kwano ya bazu har ƙauyuka.

Kada mu zargi waɗanda suka karɓe shi, gama suna da hujja. Soro yana son yaɓe kowace shekara kafin damina, in aka yi sakaci ya rufto. Jinka tana son sabuntawa, ciyawa kuwa ta yi wuya tun da gonaki suka cinye daji. Kwano ba ya cin wuta kamar jinka, ba ya yoyo in an kafa shi daidai, ga shi kuma ya zama alamar wadata. Sai dai ƙarfe yana ɗaukar zafi nan da nan, yana sakinsa nan da nan. Ɗakin kwano marar silin, mai siririn bangon bulo, ya kan zama tanderu da rana cikin bazara, ya zama randa da asuba cikin hunturu. Watau mun sayi sauƙin gyara, mun biya da daɗin zama.

Daga nan sai bukatar inji ta taso, fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki, su kuwa ba su aiki sai da lantarki. An kafa hukumar lantarki ta ECN a farkon shekarun 1950, aka gama madatsar Kainji cikin 1968, aka kafa NEPA cikin 1972, daga 2013 kuma rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun kamfanin KEDCO. A ƙasar Bebeji, Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, ruwanta ya rayar da noman rani a Kadawa. Da waɗannan injuna ne tamostat ta shigo gidajenmu, ko da ya ke mutane kaɗan ne suka san sunanta.

ASALIN TAMOSTAT

Mutanen ƙasashen sanyi sun fi mu matsuwa, domin a can wanda wutarsa ta mutu da dare cikin hunturu yana iya mutuwa tare da ita. Wajen 1620 wani mutumin Holan da ke zaune a Ingila, Cornelis Drebbel, ya ƙera tanderu mai tsaron kansa, har da na ƙyanƙyasar ƙwai. Ya sa kwalba mai zaiba a ciki. In zafi ya ƙaru, zaiba ta motsa ta tura wani ɗan sanda, sandan ya rufe ƙofar iska, wuta ta lafa. In ya huce, ƙofa ta buɗe. Kun ga abubuwan nan uku da muka ambata, ji da shawara da miƙa hannu, sun koma cikin na'ura.

Cikin 1830 wani masani ɗan Sikotilan, Andrew Ure, ya fito da wata dabara wadda har yau a ke aiki da ita, shi ne kuma ya raɗa sunan tamostat. Kowane ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, shi ya sa a kan bar ɗan tsakani a mahaɗar ƙarafan hanyar jirgi. Amma tagulla ta fi baƙin ƙarfe miƙewa. In aka manne siririn tagulla da siririn baƙin ƙarfe baya da baya, aka ɗumama su, tilas su tanƙware, tun da ɗaya ya fi ɗaya tsawo. To, in wannan ɗan ƙarfe shi ne gadar da lantarki ke bi, tanƙwarewarsa za ta yanke wuta, in ya huce ya miƙe ya mayar da ita. Ƙarar nan “ƙas” da ku ke ji a dutsen guga na lantarki, ita ce wannan.

Wanda ya kai ta ɗakin zama wani malamin makaranta ne a jihar Wiskonsin ta Amurka, sunansa Warren Johnson. Ana ɗumama azuzuwan makarantarsu da tanderu a ƙarƙashin gini, mai kula da tanderun kuwa sai ya riƙa zagaya azuzuwa yana duba ko zafi ya yi daidai, yana katse wa malamai darasi. Johnson ya ƙera ma'auni mai buga ƙararrawa can wurin tanderu in aji ya yi zafi ko sanyi, aka yi masa rajistarsa cikin 1883. Cikin 1886 aka yi wa Albert Butz na birnin Miniyafolis rajistar wadda ta fi wannan, gama tasa tana ɗaga murfin tanderu da kanta ba ta jiran kowa. Daga kamfaninsa ne kamfanin Honeywell ya samo tushe, wanda cikin 1953 ya fitar da wata tamostat mai siffar faifai da ta shiga miliyoyin gidaje.

Duk wannan don ɗumama ɗaki ne. Sanyaya shi kuwa sai cikin 1902, sa'ad da Willis Carrier ya ƙera inji don wata maɗaba'a a Niyok wadda laimar iska ke ɓata mata takarda. Da injin sanyi ya shiga gidaje, sai aka ɗaura masa tamostat shi ma. Bayan tsadar man fetur ta 1973, aka yawaita masu agogo, waɗanda a ke tsara musu lokacin kunnawa da kashewa na kowace rana. Amma tsarin yana da wuyar ganewa, mutane da yawa suka saya suka bar su yadda suka zo.

NA'URA MAI KOYO

Gyaran wannan ne ya haifi abin da a ke kira tamostat mai wayo. Kamfanin Ecobee na Kanada ya fitar da tasa cikin 2008, mai haɗuwa da intanet. Cikin 2011 Tony Fadell da Matt Rogers, tsofaffin ma'aikatan Apple, suka fitar da Nest. Ita wannan ba a tsara mata kome. Mai gida yana murza ta yadda ya ke so har wajen mako guda, tana lura da sa'ar da ya kan tashi da sa'ar da ya kan fita, daga nan ta shiga yi da kanta. Tana da ɗan ido mai gane motsi, in ta ga gida ba kowa sai ta rage aiki. Kamfanin Google ya saye Nest cikin 2014 a kan dala biliyan 3.2.

Mataki na gaba shi ne haɗa ta da sauran kayan gida, don su riƙa aiki da bakin juna. Wannan tunani ya girmi intanet na gida, gama tun 1975 wani kamfani a Sikotilan ya ƙago tsarin X10, mai aika umurni ta cikin wayoyin lantarkin gida. Yau ga yadda abin ya ke. A kan manna 'yan ma'aunai a ɗakuna da tagogi da ƙofofi, dukansu suna kai rahoto ga uwar na'ura ɗaya ko manhaja a wayar hannu. Mai gida ya kafa dokoki, ya ce in an buɗe taga, injin sanyi ya tsaya. In rana ta juyo yamma, labule ya sauka. In wayata ta yi nisa da gida, a kashe kome, in ta kusato a fara sanyaya ɗaki. Yana kuma iya ba da umurni da baki ta na'urori irin su Alexa ta kamfanin Amazon, wadda ta fito cikin 2014.

An daɗe ana fama da wata matsala, watau kayan kowane kamfani da harshensa, na wannan ba ya jin na wancan. Cikin 2022 manyan kamfanoni, har da Apple da Google da Amazon da Samsung, suka fitar da harshe ɗaya da suka yarda da shi, mai suna Matter. Ribar abin kuwa, hukumar Amurka mai ba da shaidar Energy Star ta ƙiyasta cewa irin wannan tamostat tana rage kamar kashi 8 cikin 100 na kuɗin ɗumama gida da sanyaya shi. Riba ce, amma ba ta kai yadda masu talla su ke kururutawa ba.

INDA GIZO KE SAƘA

Kowane allazi da nasa amanu. Tsohuwar tamostat ta ɗan ƙarfe ba ta da ubangida sai mai ɗaki, tana kuma iya shekara talatin tana aiki. Sabuwar kuwa tana da igiya a hannun kamfani. Cikin Janairu 2016 wani kuskure a manhajar Nest ya zuƙe batirin na'urori, mutane a Amurka suka farka cikin sanyi tsakiyar hunturu. Cikin Agusta 2022, a jihar Kolorado, wajen gidaje 22,000 suka tarar ba su iya sauya zafin ɗakunansu na wasu sa'o'i ran da a ke tsananin zafi, domin sun shiga wata yarjejeniya da kamfanin lantarki wadda ta ba shi ikon riƙe na'urorinsu in wuta ta yi ƙaranci. Cikin Oktoba 2025 kuma Google ya yanke Nest na fari da na biyu daga manhajarsa, suka daina jin umurnin waya.

Akwai kuma maganar sirri. Na'urar da ta san sa'ar da ka kan fita da sa'ar da ka kan kwanta ta san abin da ko maƙwabcinka bai sani ba, tana kuma aika shi can wata ƙasa. Bahaushe ya gina zaure ne don baƙo ya tsaya a nan. Wajibi ne mai sayen irin waɗannan kaya ya tambaya wane labari su ke fitarwa daga gidansa, da kuma ko za su yi aiki ran da intanet ya yanke.

AMFANINTA A ƘASARMU

Sai mu dawo gida. Abu na fari da ya kamata a sani shi ne, Nest da 'yan'uwanta an yi su ne don gidajen da ke da inji ɗaya babba mai aika iska kowane ɗaki. Injunan sanyin da a ke kafawa a nan na bango ne, kowane ɗaki da nasa, kowanne da tamostat a cikinsa, ana sarrafa shi da rimot. Wanda ya sayo Nest don irin wannan ya yi asarar kuɗinsa. Abin da ya dace da su shi ne wata 'yar na'ura mai kwaikwayon rimot tana karɓar umurni daga waya, ko kuwa inji wanda aka ƙera shi da haɗin intanet tun daga masana'anta.

Abu na biyu, na'ura ba ta da wayo in ba wuta. Cikin Oktoba 2024 Kano da yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan lantarki. Cikin Afrilu 2024 an ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, bayan an janye tallafin fetur cikin Mayu 2023. Injin sanyi ƙarami ɗaya yana shan wutar da ta fi ta fanka goma. Saboda haka mai inji yana da riba ko da bai sayi kome ba, in ya fahimci tamostat ɗin da ke ciki. Mutane da yawa su kan sa ta a 16, suna tsammani ɗaki zai fi saurin sanyi. Abin da ke faruwa shi ne, inji ya yi ta gudu ba hutawa yana neman abin da ba zai kai ba. Ƙasar Indiya ta umurta daga 2020 a riƙa sayar da injuna a saite kan 24, Japan kuwa cikin 2005 ta roƙi ofisoshi su tsaya a 28.

Abu na uku, inda wannan ilmi ya fi yi mana rana ba a ɗakin kwana ya ke ba tukuna. Yawancin magungunan rigakafin yara tilas a ajiye su tsakanin digiri 2 da 8. In suka yi zafi sun lalace, waɗansu in suka daskare ma sun lalace, ga shi kuwa ido ba ya rarrabe mai kyau da matacce. Firjin asibitin ƙauye mai aiki da hasken rana, da tamostat mai riƙe shi daidai, da ɗan ma'aunin da ke rubuta zafinsa dare da rana, har waɗansu su aika saƙo wayar ma'aikaci in abu ya ɓaci, wannan ita ce ƙararrawar Warren Johnson ta dawo tana tsaron ran ɗan jariri. Irin wannan tsaron sanyi yana cikin abin da ya taimaka har aka shaida cikin Agusta 2020 cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka. Haka kuma mai kiwon kaji. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 21 a zafin da ya ɗara digiri 37 kaɗan, in injin ya kauce na 'yan sa'o'i jari ya tafi. Gidan da ke da sola kuma yana amfana da na'urar da za ta kunna firji ko famfon ruwa da rana tsaka, ta kashe su da dare don batir ya kai safe.

GINI KAFIN INJI

Zafi kuwa ƙaruwa ya ke yi. Ran 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Saboda haka masanan gini na zamani sun fara waiwayar abin da muka yar. Francis Kéré ya gina makaranta a ƙauyensu Gando, a Burkina Faso, cikin 2001, da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano can bisa rufin don iska ta ratsa tsakani, cikin 2022 kuma aka ba shi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a sana'ar tsara gini. A Dandaji, wani garin Hausawa a Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun gama sabon masallaci na matsattsen bulon ƙasa cikin 2018, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu.

To, mai niyyar gini a Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa, ga abin da tarihin nan ya koya mana, bi da bi. A fara da bango mai kauri, ko na ƙasa ne. In za a rufa da kwano, a sa silin, a bar hanyar iska tsakaninsu, a shafa wa kwanon farin fenti. A yi tagogi masu duban juna, a rage su ta yamma, a dasa itace ta wannan gefe. Bayan wannan sai fanka, bayan fanka sai injin sanyi ga mai hali, a ƙarshen duka ne na'ura mai wayo ta ke da wurin zama. Wanda ya fara daga ƙarshe zai yi ta biyan kuɗin wuta don ya yaƙi zafin da shi da kansa ya gayyato. Kada kuma a kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki, kome tsananin ɗari ko duhu.

Magina na da ba su san digiri ba, amma sun san halin ƙasa da iska. Mu da muka sami karatu muna iya riƙe saninsu mu ƙara da ma'auni. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.